Yadda Ake Tayar da Kwamitin Lafiya na Mazaɓa Daga Barci

Na taɓa zama a kwamitin wani asibitin sha-ka-tafi a nan ƙasar Zazzau, ba sai na kama suna ba. An rubuta sunayenmu a kwali, an manna a bangon ofishin incaji, wato shugaban asibitin. Shekara ta zagayo, zaman da muka yi bai wuce biyu ba, su ma don an ce baƙi za su zo daga Kaduna ne. Da firjin rigakafi ya lalace, a bakin matanmu muka ji, bayan sun yi sawu uku ana ce musu su dawo mako mai zuwa. Ba mugunta ce ta hana mu aiki ba. Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya buɗe mana rijista ko littafin kuɗi ya ce ga abin da za ku riƙa dubawa.

Kwamitin da nake magana shi ne na ci gaban mazaɓa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira WDC. Tushensa tsoho ne. Tun taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 aka amince cewa lafiya a matakin farko ba ta tsayuwa sai da hannun jama'ar gari. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dasa wannan tunani a ƙananan hukumomi, aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992, daga baya aka mai da mazaɓa ta zama ginshiƙin tsarin. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255. Ƙaramar hukumar Zariya tana da 13, daga Kwarbai da Ƙaura da Limancin Kona a cikin ganuwa har Dambo da Wuciciri da Dutsen Abba a karkara. Sabon Gari tana da 11. Kowace ɗaya ya kamata a ce tana da kwamiti mai rai. Ga yadda ake hura masa ran.

Mataki na farko: a dubi su wa ke ciki

Kafin a yi maganar horo, a ɗauko jerin sunayen a karanta shi a gaban dagaci da masu unguwanni. Za a tarar da wanda ya rasu, da wanda ya koma Abuja, da wanda aka sa don ɗan'uwan kansila ne. A cike guraben a bainar jama'a, kowace unguwa ko ƙauye ta fitar da nata. Mutum 15 zuwa 20 sun isa. In aka wuce haka taron biki ya koma.

Mata su samu kujeru na gaske, ni a ganina kada su gaza kashi 40 cikin 100, kuma a ba ɗaya daga cikinsu ma'aji ko sakatare. Dalilin a fili yake: su ne ke zuwa awo, su ne ke goyo zuwa rigakafi, su ne suka san wace ma'aikaciya ce ke tsawa. A cikin birni, inda mata da yawa ba za su saki jiki a zauren maza ba, a bar su su yi nasu zaman kwana ɗaya kafin babban zama, wakiliyarsu ta kawo abin da suka tsayar a rubuce. A mazaɓun da ke da rugage a ba Fulani kujera. A irin su Samaru da Muciya, inda ake zaune a cakuɗe, a sa wakilin coci da na masallaci. A nemi malamin makaranta ɗaya, direba ɗaya, ungozoma ɗaya, da wani mai buƙata ta musamman.

Shugaba kuwa kada ya zama mai riƙe da muƙamin jam'iyya. Da zarar an ce kwamitin na jam'iyya kaza ne, rabin mazaɓa sun daina sauraronsa.

Mataki na biyu: a shata iyaka da incaji

Yawancin rigimar kwamiti da ma'aikata daga nan take. Wani da an ba shi shugabanci sai ya ɗauka ya zama likita, ya riƙa shiga ɗakin haihuwa yana ba da umurni. Wani incajin kuma yana kallon kwamiti a matsayin 'yan leƙen asiri. A zauna a rubuta takarda mai shafi ɗaya, da Hausa, kowa ya sa hannu. Kwamiti ba ya rubuta magani, ba ya karanta fayil ɗin marar lafiya, ba ya korar ma'aikaci. Amma yana da ikon ganin jimillar alƙaluman wata, da littafin kuɗi, da ɗakin ajiyar magani, da jadawalin aiki. Yana kuma da nauyin tsaron asibitin, da nemo masa ruwa da haske, da kare ma'aikata idan wani ya zo da fushi zai ci musu mutunci. Incajin da ya ga kwamiti ya tsaya masa ranar da aka yi masa ca, shi da kansa zai buɗe littattafansa.

Mataki na uku: horo, kuma a cikin asibitin

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kai. Bitar da aka saba, wadda ake kwasar mutum biyu a kai su otal a Kaduna, su sha shayi, su karɓi kuɗin mota, su dawo da jaka da biro, ba ta canja komai a mazaɓa. Wanda ya je ya manta, waɗanda ba su je ba suna jin haushi. Horon da ke kama jiki shi ne wanda aka yi a barandar asibitin, kowa da kowa yana nan, da Hausa, ana riƙe da ainihin takardun wurin. A raba shi zama huɗu ko biyar, kowanne awa biyu, Asabar bayan Asabar. Masu koyarwa suna nan kusa: jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma, jami'in wayar da kai kan lafiya, jami'in sa ido kan cututtuka, da mai kula da alƙaluma. A rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma takarda a roƙa.

Zama na farko na lissafin mutane ne. Ma'aikata suna da ƙa'idar ƙiyasi da suke aiki da ita: jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 cikin 100 na jama'a, masu juna biyu kashi 5, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20. Mu ɗauka, don misali, asibiti yana kula da mutum 30,000. Ke nan ana sa ran jarirai 1,200 a shekara, wato 100 a wata, da masu ciki 125 a wata. To a buɗe rijista. Idan jarirai 55 aka yi wa allura a watan jiya, tambayar da kwamiti zai tashi da ita ita ce: ina sauran 45 suke, a wace unguwa, kuma me ya hana su? Wannan tambaya ba incaji ne zai amsa ta ba. Mai unguwa ne da ungozoma.

A nan kuma a koya wa kowa jadawalin rigakafi har ya zauna a ka: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, sai wata 15 don allurar ƙyanda ta biyu. Allurar Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar har da mashaƙo da tarin shiƙa, sau uku ake yin ta. A kwatanta adadin waɗanda suka karɓi ta farko da waɗanda suka kai ta uku. Idan 80 suka fara, 60 suka gama, 20 sun zube a hanya, kashi 25 cikin 100 ke nan. Duk abin da ya haura kashi 10 alama ce ta matsala. Sau da yawa dalilin ƙarami ne: yaro ya yi zazzaɓi bayan allurar farko, ba a gaya wa uwar cewa hakan na faruwa ba, maigida ya ce ba za a koma ba. Ɓarkewar mashaƙo da Arewa ta gani a 2023 ta nuna inda irin wannan zubewar ke kaiwa.

Zama na biyu na kuɗi ne, kuma shi ne wanda ake yawan gudu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Asibitocin da aka sa a tsarin suna karɓar wani kaso kai tsaye a asusunsu na banki, kuma incaji da shugaban kwamiti ne ke sa hannu kafin a fitar. Sa hannun nan amana ce mai nauyi. A koya wa kwamiti karanta takardar bayanin banki layi-layi, da haɗa kowace fitar kuɗi da rasit ɗinta, da yadda ake rubuta tsarin kashe kuɗi na wata uku kafin kuɗin su iso. Shugaba kada ya taɓa sa hannu a cakin da ba a cike ba, ko da incajin ɗan ɗakinsu ne. Kuma a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe a allo, a rataye a inda masu jiran layi za su gani. Zargi ba ya son haske.

A wannan zaman a fayyace abin da yake kyauta da abin da ake biya. Rigakafin yara kyauta ne. A rubuta farashin sauran a bango. A kuma gayyato wanda zai yi bayanin inshorar lafiya ta jiha, ta hukumar KADCHMA, domin kwamiti ne ya fi kowa sanin waɗanne gidaje ne suka cancanci a yi musu rijista a kason marasa ƙarfi, kuma shi ne zai hana a cika jerin da 'yan'uwan manya.

Zama na uku a yi shi a tsaye, a ɗakin magani da gaban firji. Kowane magani yana da katin da ake rubuta shigarsa da fitarsa. A ɗauki iri uku a ƙirga da hannu a gani ko sun dace da katin. A duba ranar lalacewa, a tabbatar wanda zai riga lalacewa shi ke gaba. Firjin rigakafi kuwa sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, ana rubutawa safe da yamma a takardar da ke manne a jikinsa. Mutane suna ɗauka zafi ne kawai ke ɓata allura, alhali wasu, irin Penta, daskarewa ce ke kashe su. A nuna wa kowa ɗan tambarin da ke jikin kwalba, murabba'i a cikin da'ira: in murabba'in ya yi duhu ya kai launin da'irar, kwalbar ta tashi aiki. Dattijon da bai iya boko ba ma zai iya wannan duban. Kuma da hunturu a sa wani ya riƙa share ƙurar da ke kan faifan sola, don ita kaɗai tana iya raunana firji.

Zama na huɗu na alamomin haɗari ne. Ga mai ciki: zubar jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, naƙudar da ta wuce awa 12, mabiyiya ta ƙi faɗowa, zazzaɓi bayan haihuwa. Masana sun daɗe da lura cewa jinkiri uku ne ke cin ran mata: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannun gari suke. Ga annoba kuma: amai da gudawa a gidaje biyu ko uku a lokaci guda, musamman da damina, sanƙarewar wuya da zazzaɓi a lokacin zafi, ƙurajen ƙyanda, da duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya. An tabbatar da Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta 2020, amma ba a daina sa ido ba. Kowane ɗan kwamiti ya sa lambar jami'in sa ido kan cututtuka a wayarsa kafin a tashi.

In da hali a ƙara zama na biyar kan rubuta bayanin taro da takardar koke. Bayan wata shida a maimaita na lissafi da na kuɗi, don su ne ke saurin zubewa.

Mataki na huɗu: zaman wata-wata

A tsayar da rana ɗaya da ba ta motsi, misali Asabar ta farko bayan la'asar, a asibitin. Awa ɗaya da rabi. A fara da karanta alƙawuran watan jiya: wa ya ɗauki me, ya yi ko bai yi ba. Sai incaji ya karanta alƙaluma biyar: awo, haihuwa a asibiti, Penta ta farko, Penta ta uku, da magungunan da suka ƙare. Sai ma'aji. Sai koken jama'a. Kada a tashi da aiki fiye da uku, kuma kowanne da sunan mutum da ranar gamawa. Maganar kuɗin zama a kashe ta tun ranar farko: aikin sa kai ne, wanda ya zo don alawus ya ba da wuri.

Mataki na biyar: a raba kaya ga abokan tafiya

Haɗin gwiwa ba ziyarar ban girma ba ce da ɗaukar hoto. Duk wanda za a je wurinsa a je da aiki ɗaya takamaimai da ya dace da hannunsa.

Masarauta ce kan gaba. Yaƙin shan inna ya juya ne sa'ad da sarakunan Arewa suka shigo da ƙarfinsu daga 2009, kuma silsilar Zazzau daga fada zuwa hakimi, dagaci, mai unguwa tana aiki har gobe. Abin da za a roƙi mai unguwa shi ne littafin haihuwa: duk gidan da aka yi suna a rubuta sunan jariri da na mahaifinsa, a kawo wa asibiti ƙarshen wata a gwada da rijista. Wanzami da ungozoma da limamin da ya raɗa suna duk sun san gidan. Wanda bai zo rigakafi ba, mai unguwa ya aika a kira maigidan cikin mutunci. In ya ƙi, a kai ga dagaci. Ba a fara da barazana.

Limamai da fastoci a kai musu saƙo gajere a rubuce, mako ɗaya kafin aiki, ba ranar da ma'aikata suka riga suka shigo unguwa ba. Lokacin rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina, sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a ta fi yawon mota da lasifika. Makarantun Islamiyya na matan aure da ƙungiyoyin mata Musulmi irin FOMWAN su ne ƙofar shiga cikin gida.

Direbobi a ba su aikin dare. A jihohin Arewa da dama an gwada tsarin ɗaukar mai naƙuda cikin gaggawa tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW, kuma ba sai an jira wata ƙungiya ta kawo shi ba. A samu mota biyu da Keke Napep biyu a kowace shiyya, a daidaita kuɗin mai tun da rana tsaka, a rubuta lambobinsu a bayan katin awo. A ajiye ɗan asusun gaggawa a hannun ma'aji wanda iyali za su ranta su biya daga baya. A kuma san inda za a nufa: daga cikin birni Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ne kusa, abin da ya fi ƙarfinsa sai Asibitin Koyarwa na ABU a Shika. Mai zuwa ya tafi da takardar turawa daga incaji, kuma a shirya masu ba da jini daga matasan unguwa waɗanda aka riga aka san rukunin jininsu.

Masu kemis kada a mai da su abokan gaba, su ne ake fara zuwa wurinsu da tsakar dare. A gayyaci shugabansu zama, a nemi su riƙa turo yaron da ya kwana biyu da zazzaɓi bai sauka ba, su kuma sanar in sun ga masu gudawa sun yi yawa.

Zariya tana da wata gata da garuruwa da yawa ba su da ita: sashen koyar da lafiyar al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ɗalibansa ke fita aikin ƙauye. A rubuta musu a nemi su taimaka da ƙidayar gidaje ko koyar da karatun alƙaluma, da sharaɗin su dawo su gaya wa gari abin da suka gano, da Hausa.

Sai kwamitocin maƙwabta. Cuta ba ta san iyakar Tudun Wada da Gyallesu ba, mutumin Hanwa kuma yana iya yin awo a wata mazaɓar. Shugabannin kwamitoci na ƙaramar hukuma su riƙa haɗuwa duk wata uku, ana zagayawa asibiti-asibiti. Wanda ya ga yadda maƙwabcinsa ya gyara rijiyar burtsatse da kuɗin gayya, ba ya buƙatar lacca.

Mataki na shida: kai kuka sama

Abin da ya fi ƙarfin mazaɓa, kamar ƙarancin ungozoma mai takarda ko rufin da ke yoyo, a rubuta shi. Takarda ɗaya, matsala ɗaya. A sa adadi da kwanan wata: mata nawa suka zo haihuwa da dare a wata uku suka tarar ba kowa. A faɗi abin da gari ya riga ya yi da kansa, sannan abin da ake nema. Ta tafi ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kwafi ga kansila da hakimi, a karɓo hatimin shaidar an karɓa. In wata ɗaya ya wuce shiru, a sake rubutawa, wannan karon da kwafi ga hukumar lafiya a matakin farko ta jiha. Koken kayan gini a kai shi kafin a rufe tsara kasafin shekara mai zuwa, ba bayan an sa hannu ba. Facebook da gidan rediyo su zama makamin ƙarshe, domin ma'aikacin da aka kunyata a duniya ba ya sake buɗe maka rijista.

Wa'adin shugabannin kwamiti kuwa a rubuta shi tun farko, shekara biyu ko uku, kuma kada a sauya kowa da kowa a lokaci guda. Rabi su sauka, rabi su zauna su koya wa sababbi. Ranar miƙa mulki, tsohon sakatare ya kawo littafin bayanin taro, kwafin takardun koke, takardun banki da jerin lambobin direbobi, a ƙirga su a gaban dagaci. Washegari sabon shugaba da incaji su tafi banki a canja sa hannu.